Fitilar da Ta Wuce Ranar Knut

Gunvor Edholm shekararta saba'in da takwas. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana can kudu a Malmö, ita kuma tana zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani gidan haya a garin Kramfors, ɗaki biyu da kicin. Aikin da ta yi har ta yi ritaya shi ne girki a makarantar firamare: dankali da kifi, da miyar wake ta ranar Alhamis. Lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwa da ke yi mata tsiya idan sanyi ya tsananta. In ka tambayi mutanen ginin wace ce Gunvor, abu ɗaya za su ce maka, ba ta damun kowa. A garin nan kuwa babu yabon da ya kai wannan.

Ba da rana tsaka ta koyi hakan ba. A ƙauye aka haife ta, can saman kogi. Ubanta mai saran itace ne, uwarta kuma mace ce da ba ta wasa da ladabin zaman shan kofi. Tun Gunvor ba ta kai tsayin tebur ba ta san cewa ba a karɓar biskit a tayin farko, na ƙarshe a faranti kuma ba na kowa ba ne, sai dai a raba shi biyu, a sake raba rabin. Ta kuma san ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ko da yayarka ce.

Tana 'yar shekara goma sha uku aka zaɓe ta ta zama Lucia a makarantarsu, wato yarinyar da ke shiga gaba da kambun kyandir a ka a bikin haske na watan Disamba. A zamanin kyandir na gaske ake kunnawa a kan kambun. Aka sa mata farar riga, aka ɗora mata kambun a ka, aka kashe fitilun ɗakin taro, ta shigo a gaba, sauran 'yan mata na biye da ita suna waƙa. Jiƙaƙƙen ƙyallen da aka sa mata a ƙarƙashin kambun ya zame tun daga bakin ƙofa, narkakken kyandir ya dinga ɗiga a tsakiyar kanta. Ba ta motsa ba, ba ta ce uffan ba har aka gama waƙar ƙarshe. Da suka koma gida uwarta ta zauna da mataji da almakashi tana ɓamɓaro daskararren kyandir daga gashin, fata na biyo shi, ta ce, "Kin kyauta. Ba wanda ya gane." Har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba.

Ta auri Evert, ma'aikacin kamfanin takarda, mutum mai ƙarancin magana kamar ita, suka yi zamansu lafiya. Da ya rasu ta sayar da gidan, don share ƙanƙarar ƙofar gida ya fi ƙarfinta, ta dawo cikin gari.

Ba ta cika shekara da tarewa ba aka yi abin da ya shiga ranta ya ƙi fita. Wata tsohuwa a ɗaya ɓangaren ginin ta mutu a ɗakinta tun kafin Kirsimeti, ba a sani ba sai da ƙanƙara ta narke. Haya tana fita daga banki da kanta, wasiƙu suna faɗawa ciki ta kafar da ke jikin ƙofa, ba mai ganin tulinsu. Ƙudaje ne suka tona, wani ya hango sun yi baƙi a jikin gilashin taga ta ciki. Gunvor tana tsaye a kicin ta ga an fito da katifar naɗe a leda, maza biyu sanye da takunkumi suna riƙe da ita nesa da jikinsu. Ita ba mutuwa take tsoro ba, ta ga ta Evert, ta san yadda take. Kwanciyar nan ce take tsoro, mutum yana yashe a bayan ƙofa, maƙwabta suna wucewa da ledar cefane. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'yarta Pernilla.

Ginin a lanƙwashe yake, don haka tagar kicin ɗinta tana kallon tagar falon maƙwabcinta, wanda ƙofarsa ke kusa da tata a kan matakala ɗaya. Sunansa Sixten Molin, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, dogo, ya girme ta da kaɗan, shi ma matarsa ta rasu. Shekaru suna maƙwabtaka, amma abin da ya taɓa haɗa su bai wuce "sannu" da gyaɗa kai ba, sai in ƙanƙara ta yi yawa wani ya ce, "Bana kam ta zubo," ɗayan ya ce, "Ta zubo." In za ta fita ta ji takunsa, sai ta tsaya a bayan ƙofa tana leƙe ta ɗan ramin gilashi har ya wuce, don kada ta tilasta masa gaisuwa. Ta tabbata shi ma haka yake yi mata, kuma tana ganin girmansa saboda haka.

Amma ta taga ta san shi sarai. Mutum ne da ba ya saɓa lokaci. Lahadin farko na jiran Kirsimeti, da safe, zai kafa fitilar nan mai kyandir bakwai na lantarki a kan taga, ya rataye jan tauraron takarda a samanta. Ana jibi Kirsimeti zai shigo da bishiya, ya rataya mata biskit mai citta da jan zare, yadda matarsa take yi tun 'ya'yansu na ƙanana. Ranar Knut kuwa, goma sha uku ga Janairu, da ake sallamar Kirsimeti a kawar da komai, kafin a ci abincin rana tagarsa ta koma fayau, bishiyar tana can ƙasa a kan tulin sauran. Gunvor ba ta duba kalanda. In ta ga Sixten ya kafa, ta kafa, in ya cire, ta cire.

Bana Knut ya faɗo ranar Litinin. Da hantsi ta ga bai fara ba, ta ce bari yau ta riga shi, ta naɗe tata fitilar ta sa a kwali. Da rana ta zo wanke kofi ta ɗaga kai, sai ta ga tauraron Sixten ya sauko rabi. Yana reto a karkace a jikin wayarsa, fitilar tana ci a ƙasansa, kan bishiyar kuma yana nan a bayansu. Ta ce a ranta ya tafi cin abinci ne, zai dawo ya ƙarasa.

Wajen ƙarfe uku duhu ya rufe gari kamar kullum. Tagogin ginin duk sun koma irin na sauran watanni, bishiyoyi sun taru a tsakar gida kusa da wurin shara. Taga ɗaya ce tak take da kyandir bakwai. Gunvor ta tsaya da tawul a hannu tana kallonta. A iya saninta mutumin nan bai taɓa barin aiki rabi ba.

Washegari da ta tashi, kafin ta ɗora ruwan kofi, tagar ta fara dubawa. Babu abin da ya canja. Ta shiga kawo wa kanta dalilai. Wataƙila ɗansa da ke Norway ya zo ya ɗauke shi. To amma Sixten zai bar gida da wuta a kunne? Wataƙila mura ce ta kwantar da shi. Ta leƙa ƙasa, wurin da yake ajiye keken ƙanƙararsa, wanda yake turawa da ƙafa zuwa kanti kowace safiya. Dusar da ta zubo ta taru a kan kujerar keken, ba wanda ya kakkaɓe, ba sawu a gefensa.

Da yamma ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta zura silifa ta buɗe ƙofarta a hankali, ta taka zuwa tasa. Taku kaɗan ne. Ta tsaya gaban sunansa da ke manne a ƙofar. Ta kasa kunne. Ba rediyo, ba tari, ba motsin kujera. Ba ta san lokacin da ta sunkuyar da kai ta shaƙi iskar gefen ƙofar ba, tana roƙon kada ta ji komai. Ba ta ji ba. Ta ɗaga yatsa ta kai kan ƙararrawa, ta ji sanyin maɓallin a fatarta, ta tsaya a haka. In ya buɗe fa? Me za ta ce? Cewa tana kallon tagarsa? In kuma bai buɗe ba, to ta sani ke nan, kuma duk abin da ke bayan ƙofar ya zama nata. Fitilar matakala mai kashe kanta ta ɗauke, ta bar ta cikin duhu. Can ƙasa ƙofar shigowa ta buɗe, wani ya fara hawowa yana buga ƙanƙarar takalmi. Gunvor ta juya da sauri ta faɗa ɗakinta ta murza makulli, kamar wadda aka kama da sata.

Duk Laraba tana haɗuwa da Berit a shagon kofi na bakin kasuwa. Berit tsohuwar abokiyar aikinta ce a kicin ɗin makaranta, mace mai ƙiba da baki, wadda ita kaɗai ce take iya faɗa wa Gunvor duk abin da ta ga dama.

"Ke wai lafiya?" in ji Berit. "Tun da muka zauna kike juya cokali a kofin da ba sukari."

"Fitilar Sixten tana nan a taga."

"Wane Sixten kuma?"

"Maƙwabcina. Molin, na jirgin ƙasa."

"Au, dogon nan mai tafiya kamar ya haɗiyi sanda?" Berit ta ajiye burodinta ta kwashe da dariya. "Ashe abin ya kai nan! Ana ta leƙen taga shekara da shekaru, mu ba mu da labari. Evert dai ya huta, bai ga wannan rana ba."

"Ke kin cika shirme. Yau fa Laraba. Knut ya wuce tun Litinin."

"To sai me? Ni tawa bara har Ista tana ci."

"Ke ai ke ce. Shi ba ya haka."

"To ki buga masa ƙofa mana, tsohuwa."

"In ce masa me?"

"Ki ce, Sixten, ka mutu ne ko kana nan?"

Gunvor ba ta yi dariya ba. Berit ta dubi fuskarta, sai ita ma ta gyara zama.

"Kira Hasse mai kula da gini. Yana da makulli."

"In kuma ya buɗe ya same shi zaune da gajeren wando yana karatun jarida fa? Da wane ido zan sake haɗuwa da shi a matakala? Duk ginin za a ce tsohuwar hawa na uku leƙen mutane take yi."

"Ai kuwa yi kike."

"Berit!"

"To, to. Ni dai in ni ce..." Ta juya tana kallon titi.

"In ke ce da yaya?"

Berit ta ja numfashi. "Gaskiya da na bari zuwa gobe. Mutum yana da ikon ya zauna a gidansa."

Burodi ɗaya ya rage a faranti. Berit ta yanka shi biyu ta ɗauki rabi. Ɗaya rabin yana nan suka tashi.

Da ta dawo gida, tana cire takalmi, ta ji wani ɗan sauti a bututun ɗumama ɗaki. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya tsaya. Can ya sake. Tsohon gini ne, bututunsa yakan yi haka in iska ta shiga, ta sha ji. Ta dafa bututun da tafin hannu, sautin bai dawo ba. Ta ɗauki waya ta nemo lambar Hasse, ta zuba mata ido, ta mayar da wayar kan tebur. Abincin yamma ta ɗumama shi ta zubar. Duk inda ta juya a kicin ɗin hasken kyandir bakwai yana gefen idonta, kuma abin da take gani a ranta shi ne doguwar ƙafa miƙe a ƙasa, da ido a buɗe yana kallon rufi.

Safiyar Alhamis fitilar ta mutu.

Gunvor ta tsaya a bakin taga ta saki wani dogon numfashi, har sai da ta dafa tebur. Yana nan ke nan. Ya tashi ya kashe. Ta ji kunyar kanta, ta gode da ba ta kira kowa ba, ta ɗora kofi, har ta yanka cuku ta ci da burodi da daɗin rai. Tana cikin sha gari ya ɗan yi haske, irin hasken nan mai launin toka da ake samu kafin tsakar rana, sai ta ga abin da duhu ya ɓoye mata. Tauraron yana nan a karkace. Bishiyar tana nan. Fitilar kuma ba cire ta aka yi ba, ta kife ne ta jingina da gilashi, kamar an fizge ta daga ƙasa.

Kofin ya zube mata a riga, ba ta goge ba.

Ko a lokacin sai da ta nemi hujja. Ta buɗe durowar bakin ƙofa ta ɗauko safar hannun Evert guda ɗaya, baƙa, ta fata. Za ta ce a matakala ta tsinta, ko tasa ce. Ta fita, ta kai yatsa, wannan karon ta danna. Ƙarar ta cika gidan ta dawo mata. Ta jira. Ta sake dannawa. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi wa ƙofar kowa ba a rayuwarta: ta durƙusa a kan gwiwarta mai ciwo, ta ɗaga murfin kafar wasiƙu, ta kai fuskarta.

Wari ne ya fara dukanta, na fitsari gauraye da ƙamshin bishiya. Jaridu sun taru a ƙasa ba a ɗauka ba. Ciki duhu.

"Sixten?" Muryarta ta fito siririya. "Gunvor ce, ta ƙofar gefe. Ka yi haƙuri da damuwa."

Shiru. Ta riga ta fara sakin murfin sai ta ji wani abu daga can ciki, kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Ba komai," in ji wata murya busasshiya. Muryar Sixten ce. "Na ɗan faɗi ne. Ban samu tashi ba."

Ba ta tuna yadda ta koma ta kira motar asibiti ba, ba ta kuma tuna abin da ta ce wa Hasse ba. Ta dai tuna shi yana hawowa da gudu da tarin makullai, saurayi mai jan gemu, yana haki. Makulli ya murɗa, ƙofa ta buɗe kamar faɗin tafin hannu ta tsaya cak. Sarƙar ciki tana maƙale.

"Kai, tsofaffin nan da sarƙa!" in ji Hasse. "Wa zai sace ku ne wai?" Ya sake sauka da gudu ya ɗauko almakashin ƙarfe. Gunvor tana tsaye da bakinta a tsagar ƙofar tana cewa, "Yanzu za a buɗe, yanzu," amma daga ciki ba amsa. Wannan tsayuwar, in ji ta, ta fi duk sauran tsawo.

Da sarƙar ta tsinke, Gunvor ta tuɓe silifarta a bakin ƙofa, ta jera su, sannan ta shiga.

Yana kwance a ƙasan falo tsakanin bishiyar da taga, kujerar da ya taka tana kife a gefensa. Ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, gemu ya fito fari. Ya jawo ƙaramar dardumar falo ya rufa da ita. Tukunyar gindin bishiyar, wadda ake zuba wa ruwa don kada ganye ya zube, ta bushe ƙarƙaf, a ciki ya dinga tsoma hannu yana tsotsa. Rassan ƙasa ba biskit ko ɗaya, sai jajayen zare suna reto. A hannunsa na dama wayar fitilar ce a naɗe. Wayar salularsa tana can kan teburin kicin.

Gunvor ta durƙusa ta kama ɗaya hannun. Sanyi ƙalau kamar ƙarfen ƙofa.

"Ki yi haƙuri da yadda gidan yake," ya ce.

"Yi shiru, Sixten."

"Na samu dai na kashe ta. Tun shekaranjiya nake jan jiki in kai ga soket ɗin." Ya haɗiyi yawun da babu. "Fitila bayan Knut. Abin kunya."

"Me ya hana ka yin ihu, Baba?" in ji Hasse daga bakin falo. "Ihu fa! Bango ɗaya ne tsakaninku!"

"Na buga bututu da zobena," in ji Sixten. "Da rana. Da dare mutane suna barci."

Ma'aikatan motar asibiti suka shigo da takalmansu jiƙe da ƙanƙara. Gunvor ta ga idonsa ya bi sawun da suka bari a ƙasa. Suka yi masa allura, suka ɗaga shi, ya yi wata ƙara guda ɗaya da ba ta taɓa jin irinta daga bakin namiji ba, sannan ya ce musu su yi haƙuri.

An yi masa aiki a ƙashin ƙugu, aikin ya yi kyau. Sauran jikin ne ya ƙi. Ƙodarsa ta taɓu, huhu ya kama, ya yi makonni ba a san inda zai faɗa ba. Hasse ne ya ba Gunvor labari a ɗakin wanki: likita ya gaya wa ɗan Sixten cewa karayar ba ita ce babbar ɓarnar ba, daɗewar da ya yi a ƙasa ce, da an same shi tun Talata da yanzu yana gida yana takawa da sanda. Hasse ya faɗa ne kawai, bai san komai ba. Gunvor ta ci gaba da ninke zanen gado har ya fita, sannan ta zauna a kan benci.

Sixten bai dawo ba. Ɗansa ya zo daga Norway ya kwashe kayan gidan, ya buga wa Gunvor ƙofa ya miƙa mata furanni, ya ce ita ce ta ceci ran ubansa. Ta karɓa ta yi godiya. Da ya tafi ta sa su a baranda, sanyi ya kashe su.

Sai a ƙarshen Fabrairu ta iya kiran gidan kula da tsofaffin da aka kai shi, ta tambaya ko zai so baƙuwa. Aka ce ya ce ƙarfe biyu. Ta shiga bas da kwalin semla, burodin nan mai kirim, ta iso da wuri, ta tsaya a waje cikin iska har lokaci ya cika. Ta same shi a keken guragu a gefen taga, ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma an yi masa aski kuma maɓallansa a maƙale har wuya.

"Na gode da haɗuwarmu ta ƙarshe," ya ce, yadda ake cewa ga wanda aka ci abinci a gidansa.

"Ni ce da godiya," ta ce, don amsar ke nan.

Ta yi masa tayin semla, ya ce a'a, ya ƙoshi. Ta sake, ya karɓa. Suka yi maganar ƙanƙara, suka yi maganar abincin gidan, ya ce dankalinsu ruwa ne zalla, ta ce ai ba a iya dafa dankali yanzu. Tana ta jiran ya kawo maganar, tana kuma fatan kada ya kawo. Ya goge kirim daga leɓensa da tsumma, ya ninke shi.

"Na ji ki ranar Talata," ya ce. "A bakin ƙofa. Na san takun silifarki."

Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Ka ji ni? To me ya sa ba ka kira ba?"

"Ba ki danna ƙararrawa ba. Na ce wataƙila wani abu kike nema a matakala." Ya dubi waje. "Kuma ban yi aski ba."

Ta dube shi. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Da a ce ita ce a ƙasan, ta ji takunsa ya zo ya tsaya, ta san abin da za ta yi, kuma bai bambanta da nasa ba.

"Da ni ne ma da ban danna ba," in ji Sixten. "Kada ki sa a ranki."

Ta sa. A bas ɗin dawowa ta zauna a kujerar da ba kowa a gefe, kamar sauran fasinjoji, tana kallon tagogin gidaje suna wucewa, kowace da fitilarta da tukunyar furenta.

Gidan Sixten yanzu wasu matasa ne a ciki, mata da miji, suna fita aiki tun da duhu su dawo da duhu, kuma sun sa labule. Gunvor ba ta san sunansu ba tukuna, ta dai gan su ta ramin ƙofa. Ta daina hawa kujera. Wayarta tana cikin aljihun riga ko banɗaki za ta shiga. Pernilla ta kira ta ce, "Mama, muryarki wani iri, lafiya dai?" ta ce lafiya lau, sanyi ne.

Jiya da hantsi ta kira Hasse ta ce in ba damuwa, in ya samu sarari, tana da ɗan aiki. Ya zo da sukundireba, ya tuɓe takalmi, ta nuna masa sarƙar ƙofarta. Ya dube ta, ya dubi sarƙar, bai yi tambaya ba. Ya kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya ya zuba mata a tafin hannu, ya ce ramukan za su ɓace in an shafa fenti. Ta yi masa tayin kofi, ya ce a'a, yana da aiki a ƙasa. Har ya juya ya fara sa takalmi, sai ta sake yi masa tayi, ta ce akwai biskit, kuma ta riga ta ɗora ruwa.